Ranar da Na Niƙa Irin Shuka

Ni mai injin niƙa ne, kuma wallahi ba na jiran rediyo ya gaya mini halin da ƙasa take ciki. Kwanon da ake ajiye mini a gaban inji ya ishe ni labari. Gidan da suka saba kawo mudu uku, ranar da na ga sun koma biyu na san an fara rage hannu a tukunya. In ya koma ɗaya, kuma matar gidan ce ta kawo da kanta a ƙarƙashin mayafi, ba na ma yi mata maganar kuɗin niƙa. Shekara goma sha tara ina wannan aikin. Inji ya cinye mini kunne ɗaya, shi ya sa in ina magana mutane suke cewa faɗa nake yi. Yau kam faɗan nake yi, kuma har da kaina a cikin waɗanda nake yi wa.

Gidansu Maman 'Yan-biyu yana kallon shagona. Mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mata 'yan mata biyu da gona ɗaya a bakin kwalta. Ba ta bar gidan ba. Tana ɗakinta, surukarta Inna tana nata, ƙanin marigayin kuma yana sashen gaba da iyalinsa. Shi wannan ƙanin kowa Ciyaman yake ce masa, domin shi ne shugaban ƙungiyar manoman yankinmu. Manomi! Ka kama tafin hannunsa ka ji, ya fi na jariri laushi. Ban taɓa ganinsa riƙe da fartanya ba sai in za a ɗauki hoto.

Maman 'Yan-biyu ce take noma gonar, kuma daga rumbunta gidan yake ci. Ko ido a rufe aka zuba mini masararta zan gane ta: ƙwayar gajera ce, fara mai ɗigon ja, ga tauri har inji yakan canza murya. Kwana saba'in take yi ta nuna. Marigayin ya yi shekaru yana tsince ta kafin ta zama haka. Duk kaka, sai Maman 'Yan-biyu ta ware manyan, ta ɗaure su da ɓawonsu, ta rataye a saman murhu. Hayaƙi ya yi ta bugun su har su yi baƙi, ƙwaro ba ya zuwa kusa. Ɗauri shida take ratayewa. Wannan shi ne irin shuka, kuma duk wanda ya tashi a gidan manomi ya san ko yunwa ta kai ina ba a sauke shi.

A bazarar da nake ba ku labari, zaɓe ya rage wata tara, abinci kuma ya yi tsadar da har masu albashi sun fara sayen rabin mudu. Sai gwamnati ta fito da sabon shiri. Wai daga bana ƙasar ta daina sayen abinci daga waje. Za a yi wa kowane manomi rajista, a ba shi ingantaccen iri da takin zamani a rabin kuɗi. Na ji a rediyon shago na yi tsaki, domin wannan shi ne shiri na huɗu da na ji tun da na kafa inji. Ciyaman kuwa sai ya ɗinka sabuwar riga.

Ranar da ta kawo niƙa bayan an yi rajistar, na ga fuskarta ba daidai ba.

"Maman 'Yan-biyu, lafiya?"

"Mai-inji, kai da kake jin rediyo, wai dole ne a sa sunan namiji a takardar gona?"

"Wa ya ce?"

"Baffan yara. Ya ce gurbi ɗaya ne a fom ɗin, na maigida. Kuma ni ba ni da katin shaida, wayata ma ba irin wadda ake turo saƙon ba ce. Ya sa nasa sunan."

Na ce mata ai takarda ce kawai, ƙasa ta san mai noma ta. Haka na faɗa da bakina, na kunna inji.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata, irin wanda yake jiƙa ƙasa har gwiwar hannu. Washegari gari ya watse, kowa ya yi gona. Na hango Maman 'Yan-biyu ta fito da ƙwaryar iri da 'yar sanda, yaran suna biye, sai ga Ciyaman ya tare ƙofar gida. Ba sai na matsa ba, domin shi ma muryarsa ba ta ɓuya.

"Yaya, ina zuwa haka?"

"Ina kuwa za ni ban da gona? Ba ka ga ruwa ba?"

"Haba Yaya! Gonar nan fa an zaɓe ta. Ita ce gonar gwaji ta yankin nan gaba ɗaya, saboda tana bakin titi. A nan manya za su zo su ƙaddamar da shirin. Doka ce, ba a zuba tsohon iri a gonar da ke cikin shiri. In masu dubawa suka zo suka tarar da wannan baƙar masarar taki, za su soke sunan ƙungiya baki ɗaya. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu! Za ki iya da bakinsu?"

"To yaushe irin naku zai zo?"

"Sati mai zuwa. Yana hanya."

Ta juya wurin Inna, wadda take zaune a kan tabarma a bakin zaure tana jan carbi.

"Inna, kin ji fa."

"Ki yi haƙuri 'yar nan," in ji tsohuwar. "Shi namiji ne, shi ya san waje. Ai ba zai cuci 'ya'yan ɗan'uwansa ba. Sati ɗaya kamar yau ne."

Ta koma ciki da ƙwaryarta. Da yamma aka zo aka kafa wani ƙaton allo a gonar, mai ƙafafun ƙarfe, da hoton wani mutum yana dariya rungume da masarar da ta kusa kai cinyarsa kauri.

Sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Masarar maƙwabta ta fito ta kai idon sawu, gonar bakin titi kuwa ciyawa ce take shan ruwan. Kullum da dalilin da Ciyaman yake dawowa da shi. Yau kuɗin ƙasa ya faɗi, ɗan kwangilar da zai shigo da taki ya ce sai an ƙara masa. Gobe majalisa ta riƙe kasafin. Jibi an canza ministan gona, sabon ya ce sai ya kafa kwamiti ya duba abin da tsohon ya yi. Duk gaskiya ne, ni ma na ji a rediyo. Amma girgije ba ya sauraren rediyo, zuwa yake yi ya wuce.

Ga kuma wata masifar. Tun da aka ce gidan Ciyaman ne ake rubuta suna, zauren ya zama kasuwa. Mutane daga ƙauyuka suna zuwa tun hantsi su yini, kuma ba a barin baƙo da yunwa. Daga ina abincin yake fitowa? Daga rumbun Maman 'Yan-biyu. Da can duk kwana biyar take kawo niƙa, sai ya koma kullum, mudu huɗu, mudu biyar. Ita ce niƙa, ita ce girki, ita ce wanke kwanuka. Matar Ciyaman tana da tsohon ciki, ba a ganin laifinta.

"Baffan yara, rumbun nan fa ya kusa ƙasa," na ji ta gaya masa wata rana a gaban shagona.

"Yaya kenan! Ke dai ba kya hangen nesa. Irin da za a kawo, buhu arba'in yake bayarwa a gona kamar taki. Ina za ki zuba ma? Sai mun gina wani rumbun. Waɗannan mutanen da kike ciyarwa, su ne ƙuri'armu a ƙungiya."

"Ni ba ni da ƙungiya. 'Ya'ya gare ni."

Ya yi dariya, ya ce matar yayansa akwai barkwanci, ya hau babur.

A sati na uku ta gaji. Da sassafe ta sauke ɗauri ɗaya, ta ɓare, ta je can ƙarshen gonar bayan wata bishiya inda ba a hangowa daga titi, ta shuka kunya goma sha biyu. Ta gaya mini a hankali, tana murmushi kamar yarinyar da ta ɓoye alewa. Kwana huɗu suka tsiro. Kwana tara da shukar aka aiko tarakta ta gyara fili saboda zuwan manya. Direban bai san komai ba, an ce ya bi ko'ina, ya bi. Da ta isa, sai ƙananan ganye a kife cikin ƙasa. Ta durƙusa tana tono su ɗaya ɗaya da yatsa, ko za a samu mai sauran rai, ba ta samu ba.

Ranar ce na fara jin ta ɗaga murya. Ciyaman ya ce ai ita ta jawo, ya hana ta ta ƙi ji, kuma ta gode Allah tarakta ce ta gani ba masu dubawa ba. Inna ta ce a bar tone-tone, maƙwabta suna ji.

Duk da haka ba ta karaya ba. Ta zo niƙa da yamma, idonta ja, amma ta ce mini:

"Mai-inji, na yi lissafi. Ko sun ƙara sati biyu ba su kashe ni ba. Tawa mai kwana saba'in ce. Su zo su yi hotonsu su tafi, washegari in zuba abata. Saura ɗauri biyar, sun ishe ni."

Ku riƙe wannan maganar, domin ni aka gaya wa, da kunnena mai ji.

Aka sa ranar ƙaddamarwa, Alhamis. Tun Laraba aka kafa rumfuna a gonar, aka jera kujerun roba, aka ɗaura lasifika a jikin allon. Da safiyar Alhamis aka tattara matan unguwa, aka raba musu huluna masu tambarin shirin, aka ce su je su yi layi a rana su jira baƙi. Maman 'Yan-biyu aka sa a gaba, wai za a nuna ta a matsayin gwauruwar da shirin zai share wa hawaye.

Tana can a tsaye, wajen ƙarfe goma, sai ga Ciyaman da kansa a shagona, ya ɗauko rabin buhu a bayan babur, yana gumi cikin sabuwar riga.

"Mai-inji, taimaka ka tsallake layi. Baƙi sun fi yadda aka ce, mota goma sha ɗaya. Mata suna jira su ɗora tukunya."

Na kwance bakin buhun. Tun kafin in gani, hancina ya gaya mini. Warin hayaƙi. Na tsoma hannu na ɗebo, ga ƙwaya gajera, ta yi duhu, ɗigon jan yana leƙowa ta ƙarƙashin baƙin.

"Ciyaman, wannan ai iri ne."

"Tsohon iri ne. Rumbu ya ƙare, me kake so in yi? In bar manyan ƙasa da yunwa a gidanmu?"

"Ta sani?"

"Ita ta ce a sauke. Kai, yau fa za a raba sabo, buhu-buhu. Me za ta yi da wannan gawayin?" Sai ya matso kusa da kunnena mai ji, ya rage murya. "Af, na manta ban gaya maka ba. Akwai kashi na biyu a shirin, na masu sarrafa amfanin gona. Sabon inji mai aiki da hasken rana, ba ruwanka da sayen mai. Mutum uku za a ba a yankin nan. Na riga na sa sunanka."

Na san ƙarya yake yi da ya ce ita ta ce a sauke. Matar da ta tono tsiro da yatsa ba za ta ce a niƙa ɗauri biyar ba. Na sani sarai. Amma man inji ya ninka sau uku a shekarar, bel ɗin da yake juya injin ya sha ɗinki har ba wurin sa allura, kuma na ce a raina ai yau ɗin za a raba sabon iri, ga motoci ma sun fara wucewa. Mutum in yana son ya yi abu, dalili ba ya yi masa wuya. Na ɗaga buhun na juye a mazurari.

Inji ya canza murya kamar yadda ya saba yi wa masararta. Minti ashirin bai cika ba aka gama. Garin ya fito ruwan toka, shagon ya cika da ƙaurin hayaƙi, har wata mata a layi ta ce, "Wannan kuma wace irin masara ce?"

Abin da ya faru a gonar, kowa ya gani. Wakilin minista ya yi jawabi, ya ce yunwa ta zama tarihi. Aka sauke buhu goma na taki da biyar na iri daga wata babbar mota, aka jera. Aka miƙa wa Maman 'Yan-biyu ƙaramar jaka, ta riƙe gefe ɗaya, babban baƙo ya riƙe ɗaya, aka ɗauki hoto. Da aka gama sai wani ma'aikaci ya karɓi jakar, ya ce ta nuni ce, akwai wasu yankuna shida da za a kai ta, rabon gaskiya sai sati mai zuwa. Aka mayar da buhunan mota. Baƙi suka ci abinci, wasu ma suka ce yana ɗan ƙauri, suka bar rabi a faranti. Kafin la'asar ba kowa a gonar sai robobin ruwa da sawun taya.

Ban ga lokacin da Maman 'Yan-biyu ta shiga madafi ta ɗaga kai ta ga babu irin ba. Ihun na ji, ni da nake da kunne ɗaya, kuma inji yana aiki. Na kashe shi. Ba kuka ba ne irin na mutuwa, wani sauti ne guda ɗaya, dogo, sannan shiru.

Aka taru a tsakar gidan. Ni ma na shiga na raɓe a bayan mutane. Tana tsaye riƙe da igiyoyi biyar da aka yanke, ɓawon masara a warwatse a ƙasa.

"Baffan yara, abin da yayanka ya bari kenan. Bai bar kuɗi ba, bai bar shanu ba. Shi kenan abin da ya bari."

"Yaya, don Allah kar ki mayar da abu kaɗan babba a gaban jama'a. Masara ce fa! Fita kunyar baƙi na yi, kuma kunyar ta gidan nan ce gaba ɗaya. Sati mai zuwa in kin ga irin da za a kawo, ke da kanki za ki yi mini godiya."

"Inna, kina zaune aka sauke?"

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "To ya zan yi, 'yar nan? Ɗaya ya tafi, wannan ne ya rage mini. In ya ji kunya a gaban manya, ina zan sa kaina? Ki bar wa Allah."

Wani dattijo ya ce a yi haƙuri, zumunci ya fi masara. Wani ya ce ai niyyar Ciyaman mai kyau ce, gwamnati ce ta yi jinkiri. Malamin gona, wanda ya tsaya cin abinci bai bi motoci ba, ya ce shi dai a ilmance tsohon iri ba ya da amfani sosai, amma da an tambaye shi da bai ce a niƙa ba. Kowa ya samu abin faɗa. Ita kuwa sai ta waiwayo, idonta ya faɗa a kaina. Ta san inda aka niƙa shi. Garin nan inji biyu ne, kuma ɗayan yana can tsallaken kasuwa.

Washegari ta bi gida gida neman iri. Wa zai ba ta? Kowa ya shuka nasa tun wata guda, ragowar an cinye. Ta sayar da akuyarta ta sayo mudu biyu a kasuwa, irin mai wata huɗu, shi kaɗai ya rage. Ciyaman bai hana ta ba wannan karon, hoto ya riga ya fita. Ta shuka, ta yi noma ita da yaran, ba taki. Masarar ta tashi siririya, ta kai ƙirji, tana shirin yin goyo ruwa ya ɗauke. Abin da ta samu a gonar nan kara ne, sai 'yan ƙanana da ba su cika kwando biyu ba. Maƙwabcinta na gabas, wanda ta taɓa ba shi irinta shekarun baya ya haɗa da nasa ya lalata, shi ma ya cika rumbu.

Sannan gwamnati ta juya. Zaɓe ya matso, mutanen birni suna zagi saboda tsada, sai aka buɗe iyaka aka shigo da hatsi jirgi-jirgi. Waɗanda suka ce an daina saye daga waje, su ne suka tsaya a tashar jirgin ruwa ana ɗaukar su hoto. Farashi ya faɗi a daidai lokacin da manoma suka kai nasu kasuwa, waɗanda suka sayi taki da tsada suka dawo suna riƙe da kai. Shirin rajista kuwa aka ce an dakatar don a sake fasali. Inji mai hasken rana, ko a mafarki ban gan shi ba. Ciyaman bai yi asarar komai ba, an sa shi a kwamitin rabon hatsin da aka shigo da shi, ya sake ɗinka riga. Ya raba tukunya da matar yayansa, wai nauyi ya yi masa yawa, kowa ya ji da nasa.

Kwanonta ya koma mudu ɗaya, ya koma rabi. Yaran aka cire su daga makaranta, suna tsince tsakuwa a shagon mai wake. Ita kuma tana wankau a gidajen ma'aikata. Ta rame har zanin yana zagaye ta sau biyu. Tana zuwa ta ajiye kwano, in niƙa, ta ajiye kuɗi a kan benci ko na ce ta bari, ta tafi. Gaisuwa kawai.

Irin gwamnati ya iso bayan an gama girbi da wata biyu. Wallahi ba ƙari na yi ba. Wata mota ta sauke shi a ƙofar gidan Ciyaman, ƙananan jakunkuna, ƙwayar an rina ta da jan magani mai kashe ƙwari, an zana ƙoƙon kai a jikin kowace jaka. Ya aika wa Maman 'Yan-biyu guda biyu, da saƙon cewa ga alkawari ya cika, ta daina ɓata masa suna a gari.

Bayan kwana shida ta shigo shagona da hantsi, ba kowa a layi. Ta ajiye kwano ta buɗe. Masara ce manya-manya, an wanke ta an shanya, ta yi fari fes. Na ɗebo na duba. A gindin kowace ƙwaya, inda ruwa ba ya shiga, akwai ɗan jan layi.

"Maman 'Yan-biyu, wannan ta jakar nan ce."

"Sau bakwai na wanke ta. Har da toka."

"Ko sau ɗari kika wanke. Maganin ya shiga ciki. Wannan in yara suka ci, sai dai a kwashe su. Ba zan niƙa ba."

Ta dube ni. Tun ranar Alhamis ɗin nan ba ta dube ni haka ba.

"Ba za ka niƙa ba."

"Wallahi ba zan niƙa ba."

"Ashe kana iya ƙi, Mai-inji?" in ji ta. "Ashe hannun naka yana iya tsayawa? Na ɗauka duk abin da aka zuba maka niƙawa kake yi. Wanda zai raya mini 'ya'ya ka niƙa, ka san ko mene ne, na gaya maka da bakina. Yau da na kawo wanda ya rage mini, yau ka san Allah."

Na shiga ciki na ɗebo mudu biyar daga buhun gidana na juye mata a wani kwano. Sannan na miƙa hannu saman katangar shago na sauko da gwangwanin madara. Ranar da na niƙa irin, da yamma ina shara, na tsince ƙwayoyin da suka zube a ƙarƙashin mazurari da bayan inji. Wata biyar gwangwanin yana nan, kullum ina cewa gobe zan kai mata, kunya tana hana ni, domin kai shi yana nufin na amsa laifina.

Ta buɗe. Warin hayaƙin bai gama fita ba. Ta zube su a tafin hannu tana juyawa da yatsa, tana ware waɗanda suka fashe. Ba su fi ɗari da 'yan kai ba. Ta kwance bakin zaninta ta ƙulle su, ta yi ƙulli biyu, ta soke a ƙugu.

"Waɗannan nawa ne, na karɓa," in ji ta. "Masararka kuma zan ɗauka saboda yara, ba don na yafe ba."

Ta bar mini masarar mai maganin a kan benci, ni na haƙa rami a bayan shago na binne ta.

Yanzu an yi zaɓe an gama, an naɗa wani ministan, na uku. Jiya na ji a rediyo wai an gano kuskuren shirin baya, za a fito da sabo, wannan karon rake za a noma saboda a daina shigo da sukari. Ciyaman ya riga ya karɓo fom. Gonar bakin titi har yanzu sunansa ne a takarda, allon ma yana nan, rana ta cinye fuskar mai dariyar, an ce fenti kawai za a sake. Waɗanda suke zama a ofis su canza shiri kamar riga, ba su san cewa kowane shiri sai ya bi ta cikin wani gida kafin ya isa gona ba, kuma a gidan akwai mai ƙarfi, akwai wadda ba a tambaya. Su dai sun ga hoto. Hoton yana nan a bangon ofishin ƙungiya, tana riƙe da gefen jakar da aka karɓe.

Ruwan farko ya sauka makon jiya. 'Yan-biyun sun gaya wa matata cewa uwarsu ta shuka ƙwayoyin a bayan ɗakinta, tsakanin bango da makewayi, ta kewaye da ƙaya, kuma tamanin da uku sun tsiro. Ba ta sake rataye komai a madafi ba.

Ni kuwa tun daga ranar gwangwanin ba ta sake taka shagona ba. Duk bayan kwana biyar ina ganin ta ta fito da ɗan kwanonta a ka, ta wuce ta gaban ƙofata, ta bi rana har tsallaken kasuwa wurin ɗaya injin. Nasa ya fi nawa tsada, kuma garinsa ba ya laushi.